Yadda Ake Shirya Keɓe Sabuwar Majami'a Ko Wadda Aka Gyara

Idan an ɗora maka nauyin shirya ranar keɓe majami'a, ɗan'uwa, ka riƙe abu ɗaya tun daga farko. A ranar nan gini yake fita daga hannun ɗan kwangila, da kwamitin gini, da waɗanda suka fi kowa ba da kuɗi, a miƙa shi ga Allah domin sujada. Duk abin da zai sa jama'a su ga wannan miƙawa da idonsu, ka ba shi wuri. Duk abin da zai rufe ta, ka rage shi. Na sha zama cikin irin wannan shiri, kuma abubuwa biyu ne suka fi ɓata taro: yawan jawabi da rashin gwaji.

Kayan da za a tanada

Ka fara da littafin tsarin sujada na ɗarikarku. In akwai tsarin keɓewa a ciki, shi za a bi, kada kwamiti ya zauna ya ƙirƙiro nasa. In babu, za ka ga yadda ake haɗa shi a ƙasa.

Sai takardu: takardar mallakar fili da sunan ikilisiya, izinin gini daga hukuma, amincewar shugabannin ɗarika a rubuce, da takardar shaidar keɓewa kwafi biyu wadda za a sa wa hannu a ranar. A haɗa da alƙalami biyu masu rubutu, a gwada su.

Ga kayan da kusan kowace ɗarika take bukata:

Makullin babbar ƙofa, da na ajiya, da ɗan faranti da za a ɗora shi.
Babban Littafi Mai Tsarki na mumbari.
Kayan Jibin Ubangiji: gurasa, ruwan inabi, ƙoƙo, faranti, da farin mayafin tebur.
Allon tunawa mai ɗauke da sunan majami'a, da rana, da sunan wanda ya keɓe, tare da ƙyallen da za a rufe shi.
Tsarin taro a buge, wanda jama'a za su riƙe a hannu.
Lasifika biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, da makirufo mara waya da sabon batir.
Hanyar samun wuta ta biyu, ko da ta farko ta ɗauke.
Akwatin agajin gaggawa, da abin kashe gobara, da ruwan sha.

Katolika suna ƙara wasu: mai na Kirisma wanda bishop ya tsarkake, ruwan da za a sa wa albarka da abin yayyafawa, turare da kasko da gawayi, kyandir, da ƙananan gicciye goma sha biyu ko huɗu da aka kafa a bango a wuraren da za a shafa mai. A ajiye tawul da auduga da sabulu kusa da bagade, wato teburin da ake yin Jibin Ubangiji a kansa, domin hannun bishop zai yi mai. In gicciyen bangon suna sama, a tanadi ɗan matakala mai ƙwari da mutum ɗaya da zai riƙe ta.

Yanke ƙyalle da almakashi ba ya cikin ainihin tsarin, ana iya yi ana iya bari. Ni na fi son a bari, saboda miƙa makulli ya fi shi ma'ana.

1. A san wanda yake da ikon keɓewa

Kafin a buga katin gayyata ko ɗaya, a rubuta wa shugabannin ɗarika. A Katolika, keɓe majami'a aikin bishop ɗin dayosis ne, in ba zai samu zuwa ba shi ne yake wakilta wani bishop, a wasu lokuta na musamman kuma ya wakilta fada. Dokarsu ta ce da zarar an gama gini a keɓe shi, ko aƙalla a sa masa albarka, ba tare da ɓata lokaci ba. A Angilika ma bishop ne. A ɗarikun da ba su da bishop, shugaban gunduma ko na ɗarika ne yake jagoranta, ikilisiya mai cin gashin kanta kuma fastonta da dattawa suke yi, sau da yawa su gayyaci wani dattijon fasto ya yi addu'ar.

Tambayoyi biyu za ka kai musu. Na farko, maganar bashi. Wasu ɗariku, kamar Metodis a wurare da yawa, sukan raba abu biyu: a buɗe gini a fara sujada cikinsa, amma cikakkiyar keɓewa sai ranar da aka gama biyan bashin da ke kansa. Dalilin a fili yake, abin da wani yake da haƙƙi a kansa bai zama naka ba balle ka yi kyauta da shi. Ko ɗarikarku ba ta da wannan doka, ku biya magina da leburori kafin ranar. Abin kunya ne ana waƙar godiya a ciki, mai haɗa wuta yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran ragowar kuɗinsa.

Na biyu, suna. A Katolika ana ba kowace majami'a suna, kuma da zarar an keɓe ta ba a sake shi. Ko a inda babu wannan doka, a daidaita suna kafin a sassaƙa allo. A ba mutum biyu dabam su karanta rubutun allon harafi bayan harafi kafin a kai wa mai sassaƙa, domin kuskure a kan dutse ba ya gogewa.

2. A duba ginin kafin a sa rana

Nan ne ake yawan gaggawa. Ranar keɓewa ita ce ranar da ginin zai ɗauki jama'a fiye da kowace rana a shekarunsa na farko, saboda haka injiniya ya zo ya duba, ya rubuta cewa ya duba. In akwai bene, ya faɗi adadin mutanen da zai ɗauka, a sa mutum a gindin matakala ya riƙa ƙirga masu hawa. Ƙofofin gefe su kasance a buɗe, ba kujera ko benci a gabansu. A kunna dukan fitilu da fankoki da kayan sauti a lokaci guda, a bar su kamar awa biyu. Wayar da za ta yi zafi gara ta nuna halinta ranar da babu kowa.

A bar fenti da man goge katako su bushe sosai. Benci da aka shafa wa mai kwana biyu kafin taro zai kama tufafin mutane, warinsa kuma yana sa ciwon kai in ɗaki ya cika. A kwashe ƙusoshi, da guntayen ƙarfe, da tulin yashi, a rufe duk ramin da aka haƙa. Bayan gida ya kasance yana aiki. A yi hanyar da mai keken guragu da tsofaffi za su shiga ba sai an ɗauke su ba.

To, in gini bai ƙare ba amma jama'a sun matsu su shiga fa? A yi sujadar godiya da addu'ar sa albarka, a fara amfani da shi, a ɗaga cikakkiyar keɓewa zuwa lokacin da aka gama. Wannan ba gazawa ba ce. Sulemanu ya shekara 7 yana ginin Haikali, sai da aka gama aka kawo akwatin alkawari.

3. Sa rana

A nemi ranar wanda zai keɓe tukuna, sauran shiri ya biyo baya. Wata uku ko fiye ya fi kwanciyar hankali. A zaɓi ranar da 'yan ikilisiya za su samu zuwa. Lahadi ta fi dacewa da su, amma fastocin maƙwabta suna bakin aikinsu ranar, shi ya sa wasu sukan zaɓi Asabar ko Lahadi da yamma.

Katolika ba sa keɓe majami'a a wasu ranaku: Kirsimeti, ranar Bayyanuwar Ubangiji, Larabar Toka, kwanakin Mako Mai Tsarki har zuwa Ista, ranar Hawan Yesu Sama, Fentikos, da 2 ga Nuwamba da suke tunawa da matattu. Ko ba Katolika ba ne ku, akwai hikima a ciki: waɗannan ranaku suna da nasu saƙon, kada a haɗa manyan abubuwa biyu ɗaya ya danne ɗaya. A kuma duba yanayi, tun da sashen farko na taron a waje ake yinsa. In lokacin ruwa ne, a kafa rumfa a gaban ƙofa.

4. Rabon aiki da gayyata

Mutum ɗaya ne zai riƙe tsarin taro da agogo, kowa ya san shi. Wani ya kula da makulli da ƙofa, wani da sauti, wani da masu zaunar da jama'a, wani da baƙi. Kada fasto ya ɗauki ko ɗaya cikin waɗannan, nasa ya ishe shi.

Wajen gayyata, manyan baƙi ba a manta da su. Waɗanda ake mantawa su ne magina da kafintoci, fastocin da suka yi hidima a da, tsofaffin da suka fara ikilisiyar waɗanda yanzu ba sa iya fita sai an ɗauko su, wanda ya ba ku aron wurin sujada lokacin da ake gini, da maƙwabtan da suka sha ƙura da ƙarar injin. A je wurin maƙwabta da ƙafa, ko ba addini ɗaya ba, a gaya musu rana da lokaci, a nemi afuwar cunkoso. A ware wa tsofaffin ikilisiya kujeru a gaba. Na ga taron da baƙi suka cinye kujeru kaf, wata tsohuwa da ta yi ta ɗebo wa magina ruwa a ka tana leƙe ta taga, hannunta a kan ƙarfen tagar. Kada a sake irin wannan.

5. Shirya jama'a

Da wuya a gama gini ba a ɓata wa wani rai ba. Wani an ƙi shawararsa, wani an zarge shi kan kuɗi, wani ya bar kwamiti cikin fushi. A ware makon ƙarshe domin addu'a, fasto da dattawa su bi waɗannan mutane gida gida. Ma'aji kuma ya karanta cikakken lissafin kuɗin gini a taron ikilisiya kafin ranar, a yi tambayoyi a gama. In ba a yi haka ba, tambayoyin za su fito a bakin ƙofa ranar taro, cikin raɗa.

A yi amfani da Lahadin da ta gabata a koya wa jama'a amsoshin da za su bayar da waƙoƙin da za a yi.

6. Gwaji

Ana gobe taro, duk mai aiki ya zo, a bi tsarin daga farko zuwa ƙarshe ana tafiya da ƙafa. Wa zai tsaya ina, wa zai miƙa wa wa makirufo, ta wace ƙofa mawaƙa za su shiga. Muhimmin abu a nan shi ne ƙofa. Sabuwar ƙofa takan kumbura, fenti yakan shiga ramin makulli. A sa makullin da za a yi amfani da shi, a murɗa, a buɗe, a rufe, a maimaita. In ƙofar mai ganye biyu ce, a ɗaga sakatar ƙasa da ta sama tun da safe, a kuma ajiye mutum ɗaya a ciki wanda ya shiga ta ƙofar gefe. Bishop ya ƙwanƙwasa, jama'a sun yi tsit, fasto yana kokawa da makulli gumi na zuba, wannan abu yana faruwa, kuma mutumin da ke ciki shi ne maganinsa.

Da an gama gwaji a bar bagade ko teburin Jibi ba mayafi, a kashe fitilu, a kulle.

7. Taruwa da buɗe ƙofa

Kowa yana waje, ginin ba kowa sai mutum ɗayan nan da aka ajiye saboda ƙofa. In tsohon wurin sujada yana kusa, a taru can, a yi gajeriyar addu'ar godiya, a taho cikin jerin gwano da waƙa. In yana da nisa, ko hanya ba ta yi ba, a taru a harabar sabon ginin. In ruwa ya tsuge ko akwai matsalar tsaro, jama'a su zauna ciki, shugabanni kaɗai su shigo ta babbar ƙofa. Tsarin Katolika ma ya yarda da waɗannan hanyoyi uku.

Mai ɗauke da gicciye ko Littafi Mai Tsarki yana gaba, sai mawaƙa, sai dattawa da fastoci, wanda zai keɓe yana ƙarshensu, jama'a na biye. Zabura 122 ita ce ta hanya, wadda mai zabura yake murna da aka ce masa a tafi Haikalin Ubangiji.

A bakin ƙofa a tsaya. Wakilin magina ya miƙa makulli ga shugaban kwamitin gini, wani lokaci tare da zanen ginin. Shugaban kwamiti ya juya wurin wanda zai keɓe, ya yi magana gajera, kamar haka: "Ranka ya daɗe, a madadin wannan ikilisiya muna miƙa maka wannan gini, domin a keɓe shi ga Allah Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki." Shi ke nan. Tarihin gini yana da wurinsa can gaba. Wanda zai keɓe ya karɓi makullin, ya miƙa wa faston wurin ya buɗe. A tsarin Angilika bishop yakan ƙwanƙwasa ƙofa da sandarsa ya ce a buɗe, sannan ya yi alamar gicciye a dokin ƙofa ya roƙa wa gidan salama. Yayin shiga a rera ko a karanta Zabura 24, daga aya 7, inda ake kiran ƙofofi su buɗe Sarkin ɗaukaka ya shiga.

Masu zaunar da jama'a su yi shiri a nan, domin kowa yana so ya riga kowa. A bar shugabanni da tsofaffi su shiga, sannan a buɗe ƙofofin gefe gaba ɗaya. Mawaƙa su ci gaba da waƙa har kowa ya zauna. A tsarin Katolika, da an shiga bishop yake sa wa ruwa albarka, ya yayyafa wa jama'a tukuna, sannan bango da bagade. Ka lura da wannan jeri, mutane ne farko.

8. Karatu da wa'azi

Karatu uku sun isa. Daga Tsohon Alkawari, 1 Sarakuna 8:22-30, addu'ar Sulemanu, ko Farawa 28:10-22 inda Yakubu ya zuba mai a kan dutse a Betel. Katolika kullum suna fara da Nehemiya 8, inda Ezra ya karanta Doka a gaban jama'a. Zabura 84 ta dace a tsakiya. Daga wasiƙu, 1 Bitrus 2:4-9 kan rayayyun duwatsu, ko Afisawa 2:19-22, ko 1 Korantiyawa 3:9-17. Daga Bishara, Luka 19:1-10, shigar Yesu gidan Zakka, ko Yahaya 4:19-24, ko Matiyu 21:12-14.

Kafin karatun farko, a ɗaga babban Littafin a nuna wa jama'a, a ɗora shi a mumbari. Wannan shi ne karo na farko da za a karanta Maganar Allah daga nan, a ba mai karatu da ya iya, ya kuma yi gwaji da makirufon.

A gaya wa mai wa'azi lokacinsa tun da wuri, minti 20 zuwa 25. Abin da ya kamata ya fito cikin wa'azin, Sulemanu da kansa ya faɗa a 1 Sarakuna 8:27: sama da saman sammai ba su isa su ɗauki Allah ba, balle gidan da ya gina. Ba ɗaki muke yi wa Allah ya zauna ba. Wuri muke warewa inda jama'arsa za su taru su kira sunansa, ya kuma ji su.

9. Addu'ar keɓewa

Wannan ce zuciyar taron, kuma ita ce aka fi yi wa gaggawa saboda an cinye lokaci a baya. Kowa ya miƙe. A dakatar da masu ɗaukar hoto daga yawo a gaban bagade, a ba mutum ɗaya ko biyu wuri su tsaya a gefe.

In ɗarikarku tana da rubutacciyar addu'a, a karanta ta duka. In babu, a yi ta amsa-amsa domin jama'a su sa bakinsu. Shugaba ya ce, "Domin ɗaukakar Allah Uba wanda ya halicce mu," jama'a su amsa, "Mun keɓe wannan gida." Ya ce, "Domin wa'azin Bishara da koyar da 'ya'yanmu," su amsa haka. Ya ci gaba: domin baftisma da Jibin Ubangiji, domin ɗaura aure, domin ta'aziyyar masu makoki, domin baƙo da matalauci su samu wuri. Layi shida ko bakwai, kada ya wuce. Na ƙarshe ya zama jama'a suna miƙa kansu. Sannan shugaba ya yi addu'a ɗaya, ya furta a fili cewa an keɓe ginin cikin sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, ya kira sunan majami'ar. Jama'a su ce Amin.

Daga nan ya zaga: wurin baftisma, mumbari, teburin Jibi, kayan kiɗa. A kowane wuri ya ɗora hannu, ya yi addu'a jimla biyu ko uku. Mai makirufo ya bi shi, in ba haka ba na baya za su ga motsi kawai ba su ji komai ba.

Tsarin Katolika ya fi tsawo a nan, kuma jerinsa ba a sauya shi. Ana roƙon tsarkaka, in akwai abin da ya rage na jikin wani shahidi ko tsarkakke wanda aka tabbatar da sahihancinsa a ajiye shi ƙarƙashin bagade, magini ya rufe wurin. Sai addu'ar keɓewa. Bishop ya zuba mai a tsakiyar bagade da kusurwoyi huɗu, ya shafe samansa duka, sannan a shafa bango a wurare goma sha biyu ko huɗu. A ɗora kasko a kan bagade a ƙona turare, a zaga da turaren wurin jama'a da bango. A goge bagade, a shimfiɗa mayafi, a kunna kyandir, sai a kunna fitilun majami'a duka. Gargaɗi biyu: a sa wani abu da ba ya ƙonewa ƙarƙashin kaskon, domin zafin gawayi yana ɓata dutse da katako, kuma wanda yake riƙe da makunnin fitilu ya san alamar da zai jira. In ya kunna da wuri, an rasa abin da ake so jama'a su gani.

10. Jibin Ubangiji, sa hannu, da godiya

A ci Jibin Ubangiji in tsarinku ya yarda. A Katolika shi ne mafi muhimmancin sashe na keɓewar, ba a raba su. A ƙiyasta jama'a da yalwa, a ƙara masu rabawa.

Bayan haka a karanta takardar shaida, wanda ya keɓe ya sa hannu, da fasto, da wakilan ikilisiya. A buɗe allon tunawa. Sai tarihin gini, minti biyar, mutum ɗaya, a rubuce. Sai godiya, ita ma mutum ɗaya.

Ga shawarata kan kuɗi, ko da wasu ba za su so ta ba. A karɓi baiko ɗaya na godiya kamar yadda aka saba. Kada a mai da sujadar taron neman gudummawa inda ake kiran suna da adadi ana tafi. In akwai sauran aiki da ke bukatar kuɗi, a sa masa wata rana, ko a yi bayan an sa albarka an fita. Haka ma jera sunayen masu bayarwa: a gode wa kowa a dunƙule, a rubuta sunaye a littafin ikilisiya. Da an fara kiran suna, sai an manta da wani, kuma mai ƙaramin ƙarfi da ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa ba ya shiga jerin. Baƙin da suke so su yi magana a ba biyu, minti uku uku. Taron gaba ɗaya kada ya wuce awa biyu da rabi zuwa uku.

11. In gyara aka yi

A tambayi shugabanni ko sake keɓewa za a yi ko sujadar godiya. Fenti da sabon rufi ba sa bukatar sake keɓewa, godiya ta isa. In an rushe an sake ginawa, ko an faɗaɗa har fasalin ginin ya sauya, ko an kafa sabon bagade, to akwai abin keɓewa. A Katolika bagaden da aka riga aka keɓe ba a sake keɓe shi, sabo ne kawai ake yi wa. In kuma ba a daina sujada cikin ginin ba lokacin gyara, a bar maganar kulle ƙofa da buɗewa, ba ta da ma'ana, a shiga kamar kullum.

Ka sa ido kan tsofaffi. Ezra 3:12 ya ce lokacin da aka kafa harsashin Haikali na biyu, tsofaffin da suka ga na farko sun yi kuka da ƙarfi, wasu kuwa suna sowa. Wanda aka ɗaura masa aure a tsohon ginin, aka yi wa 'ya'yansa baftisma a ciki, ba zai ji abin da matasa suke ji ba. A ɗauko wani abu daga tsohon ginin, ƙararrawa, ko tsohon mumbari, ko allon farko, a ba shi wuri a sabon. Tsohon allo kada a cire shi a jefar, a kafa sabon kusa da shi. A ba ɗaya cikin tsofaffin ya yi addu'ar godiya domin shekarun da suka wuce. Haggai 2:1-9 da Ezra 6:16-18 sun dace da wannan rana. In gobara ko hari ne ya lalata ginin, a fara da addu'a domin waɗanda abin ya shafa, a ba baƙin ciki wurinsa kafin waƙar murna.

12. Bayan taro

Kwafi ɗaya na takardar shaida ya tafi ofishin ɗarika, ɗaya ya zauna a ma'ajiyar ikilisiya tare da takardar fili, da zanen gini, da zanen hanyar wayoyi da famfo, da tsarin taro, da hotuna. A rubuta ranar a kalandar ikilisiya domin a riƙa tunawa kowace shekara. Al'ada ce tsohuwa: Yahaya 10:22-23 ya nuna Yesu a Haikali lokacin Idin Keɓewa, har yau kuma Katolika a duniya duka suna tuna keɓewar majami'ar Lateran ta Roma kowace 9 ga Nuwamba.

Cikin makon nan kwamitin gini ya miƙa lissafinsa na ƙarshe, a sallame shi da godiya, a naɗa ƙaramin kwamitin kula da gini. Dattawa su rubuta abin da za a iya yi cikin majami'ar da abin da ba za a yi ba, tun kafin wani ya zo neman aron wuri. A ƙirga makullai, a rubuta sunan duk wanda yake riƙe da ɗaya, na hannun ɗan kwangila da ma'aikatansa a karɓe. Ruwan farko da zai sauka bayan keɓewa, wani ya shiga da tocila ya duba rufi da bakin tagogi, in akwai yoyo a kira ɗan kwangila tun wa'adin gyaran da ke cikin yarjejeniya bai ƙare ba.